Modem ɗin cikin kwamfutar ofis yana aiki a Windows XP amma Ubuntu 8.04 bai gan shi ba

Wannan tattaunawa ce ta zamanin Ubuntu 8.04, wani nau'in Linux da ya fito a 2008, don haka farashi da kayan da aka ambata na wancan lokacin ne.

Malamin Lissafi ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da kowa, musamman waɗanda suka riga mu sanin Linux, kuma ina neman taimakonku a kan wata matsala da ta kusa mako biyu tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni malami ne a wata makarantar sakandare a Kaduna, kuma ni aka damƙa wa kula da ɗakin kwamfuta, ba don na fi kowa sani ba, sai don babu wanda ya yarda ya karɓa. A ofishin da ke jikin ɗakin akwai wata kwamfutar tebur mai Pentium 4 da RAM megabait 512, wadda da ita muke aika imel da duba sanarwar hukumomin jarrabawa. Tana da modem a ciki, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da intanet ta layin waya, irin katin nan da ake sokewa a ramin PCI, kuma ta layin wayar girke muke kiran kamfanin da muke biya kuɗin intanet. A kan Windows XP duk wannan yana tafiya daidai, sai dai cutar kwamfuta da ke shigowa ta filashin malamai da na ɗalibai ta gajiyar da ni, domin a zango ɗaya sau uku ina goge injin ina sake zuba komai. Da faifan Ubuntu 8.04 da na nema ta shirin ShipIt, na aika faifan Ubuntu kyauta, ya iso ta gidan waya, sai na raba ma'ajiyar kwamfutar gida biyu, na bar Windows a ɗaya, na saka Ubuntu a ɗayan.

Allo da sauti da na'urar buga takarda duk sun kama aiki ba tare da na taɓa komai ba. Modem ne kaɗai ya tsaya mini. Na buɗe tagar umarni na rubuta `sudo wvdialconf /etc/wvdial.conf` kamar yadda wani aboki ya nuna mini, manhajar ta bi kafofin ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe ta ce "Sorry, no modem was detected!". Na nemi `/dev/modem` ban same shi ba. Da na koma Windows na ga modem ɗin yana kan COM3, kuma tun da na karanta cewa COM3 shi ne `/dev/ttyS2` a Linux, sai na rubuta wannan sunan da hannuna a cikin fayil ɗin, amma wvdial, manhajar da ke buga lamba ta modem, ya ce ba zai iya buɗe kafar ba.

Abin da nake son sani shi ne, shin akwai abin da na yi ba daidai ba, ko kuwa modem ɗin ne ba zai taɓa yin aiki a nan ba? Idan akwai abin da zan sauke, zan iya komawa Windows in sauke shi in dawo da shi, amma ina roƙon a bi da ni sannu a hankali, domin ni sabon shiga ne. Allah ya saka da alheri.

Mai Gyara na Sabon Gari ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka, babu abin da ka ɓata, kuma wvdialconf gaskiya ya faɗa maka, domin a idon Linux babu modem a wannan kwamfutar. Abin da ke cikin ramin PCI ɗin nan, a mafi rinjayen zato, rabin modem ne, kuma sai ka fahimci wannan sannan sauran bayanin zai zauna maka.

Cikakken modem yana da sassa uku. Akwai sashen da ke haɗuwa da layin waya, akwai sashen da ke mayar da bayanai su zama wannan ƙarar da kake ji sannan ya mayar da ƙarar da ta dawo ta zama bayanai, akwai kuma ɗan ƙaramin mai sarrafawa da ke fahimtar umarnin AT, wato harshen da kamfanin Hayes ya fito da shi tare da Smartmodem a 1981, wanda har yau da shi ake ce wa modem ya ɗaga layi, ya buga lamba, ya ajiye. Irin wannan modem ɗin ba ya buƙatar wani direba na musamman, wato manhajar da ke tafiyar da na'ura, domin kwamfuta magana kawai take yi masa ta kafar siriyal, shi kuma ya yi aikinsa. Daga ƙarshen shekarun 1990 masu ƙera kayan suka ga cewa firosesa ta yi ƙarfi, sai suka fara cire mai sarrafawar, wasu ma suka cire sashen sarrafa sautin gaba ɗaya, suka mayar da aikin cikin direban da suka rubuta wa Windows. Katin ya yi arha, firosesa ta ɗauki wahala, modem ya ci suna, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Wannan shi ne abin da ake kira Winmodem.

Saboda haka COM3 ɗin da ka gani ba kafa ce ta gaske da ke jikin injin ba, direban Windows ne ya ƙirƙire ta, kuma da zarar ka bar Windows ta ɓace. Abin da ka karanta cewa COM1 shi ne ttyS0, COM2 shi ne ttyS1, haka har zuwa gaba, daidai ne, amma ga kafofin siriyal na zahiri kaɗai.

Yanzu abin da ya rage shi ne mu san cif ɗin da ke kan katin. Sunan da aka rubuta a kwali ko wanda Windows ke nunawa ba shi da amfani sosai, domin kamfanoni da yawa cif ɗaya suke saye su manna sunansu. Ka rubuta `lspci -nn` ka nemi layin da ke ɗauke da kalmar Modem ko Communication controller. A ƙarshen layin za ka ga lambobi takwas da aka raba da ɗigo biyu, huɗun farko na kamfanin da ya ƙera cif ɗin ne, huɗun ƙarshe na samfurin. Idan ka ga 11c1 to Lucent ne ko Agere, kuma ka taki sa'a, domin da yawa daga cikin nasu suna riƙe da sashen sarrafa sauti, kuma direban ltmodem da na Martian suna tafiyar da su. Idan 8086 ne to Intel ne, 134d PCTel ne, 1057 Motorola ne, 14f1 kuma Conexant ne, kuma kowanne da tasa hanyar.

Akwai kuma wata 'yar manhaja mai suna scanModem da mutanen linmodems, masu taimaka wa Winmodem ya yi aiki a Linux, suka tanada. Ka sauke ta daga Windows, ka kawo ta Ubuntu, ka warware ta da `gunzip scanModem.gz`, ka ba ta izinin gudana da `chmod +x scanModem`, sannan ka tashe ta. Za ta buɗe wata jaka mai suna Modem, a ciki akwai fayil ɗin ModemData.txt wanda zai faɗi cif ɗin da direban da ya dace da shi. Ka kawo mana abin da ka gani, tare da abin da `uname -r` ya nuna, wato lambar kanel, zuciyar Linux ɗinka.

Malamin Lissafi ya rubuta:

Na gode ƙwarai, yanzu na gane dalilin da ya sa na yi ta bugun iska. Layin da na samu ya ce Communication controller, Conexant, HSF 56k HSFi Modem, lambobin kuma 14f1:2f00. Umarnin `uname -r` ya nuna 2.6.24-16-generic. Na gudanar da scanModem shi ma, ya tabbatar da cewa Conexant ne, ya kuma ambaci wani kamfani mai suna Linuxant. Ban ci gaba ba sai na ji daga gare ku.

Mai Gyara na Sabon Gari ya amsa:

To Malam, ka faɗo cikin dangin HSF, waɗanda su ne mafi dogaro da firosesa a cikin kayan Conexant. Ana iya tayar da su, na kuma tayar da su a injuna da dama, amma gara ka san sharuɗɗan tun yanzu.

Direban da ake amfani da shi sunansa hsfmodem, kuma kamfanin Linuxant na ƙasar Kanada ne ya fitar da shi. Zuciyar direban a rufe take, ba a ba kowa tushenta ba, shi ya sa ba za ka same shi a cikin faifan Ubuntu ba. A zamanin Ubuntu 8.04, wato 2008, kyauta ake sauke shi, amma na kyautar an ƙayyade gudunsa a kilobit 14.4 a daƙiƙa, kuma sai ka biya kimanin dalar Amurka 20 ta intanet sannan a ba ka lambar da za ta buɗe cikakken gudun 56K. Don ka ga bambancin a zahiri, fayil mai megabait ɗaya zai ɗauki kusan minti 10 a kan 14.4, alhali a kan layi mai kyau da ke ba da kilobit 40 da wani abu bai fi minti uku zuwa huɗu ba. Ga imel marar hoto ana iya lallaɓawa, da babu gara ba daɗi, amma shafi mai hotuna zai gwada haƙurinka.

Hanyar sakawa ita ce, ka shiga shafin Linuxant daga Windows, ka nemi kunshin .deb da aka shirya wa Ubuntu mai lambar kanel iri ɗaya da taka, wato 2.6.24-16-generic, harafi da harafi. Idan ka same shi, umarnin `sudo dpkg -i` tare da sunan fayil ɗin ya wadatar. Idan babu, sai ka ɗauki kunshin gama-gari wanda zai gina kansa a kan injinka, kuma shi yana buƙatar build-essential da linux-headers na kanel ɗinka, kayan gina direba, su kasance an riga an saka su, don haka ka fara duba faifan Ubuntu ɗinka kafin ka wahalar da layi wajen sauke su. Bayan sakawa za a tambaye ka ƙasar da kake, kuma kana iya sake wannan saitin kowane lokaci da `sudo hsfconfig`. Idan komai ya tafi daidai za ka ga sabuwar kafa mai suna `/dev/ttySHSF0`, tare da `/dev/modem` yana nuni zuwa gare ta, kuma a lokacin ne wvdial zai sami wanda zai yi wa magana.

Abu ɗaya da ke kayar da mutane shi ne sabunta kanel. Direban a jikin kanel ɗin da aka gina shi yake manne, don haka ranar da Ubuntu ya sabunta kansa ya koma wata lambar, modem zai yi shiru har sai ka sake gina direban, kuma idan a ranar ba ka da linux-headers na sabon kanel ɗin, ga shi babu intanet ɗin saukewa, sai ka zaɓi tsohon kanel daga jerin GRUB lokacin tashin kwamfuta ka gyara daga can. Kamfanin Dell ma ya fitar da wani nau'i na wannan direban marar ƙayyadadden gudu, amma don kwamfutocinsa da yake sayarwa da Ubuntu ya yi shi, saboda haka ba zan ce ka dogara da shi a injin da ba nasa ba.

Injiniya 'Yar Zazzau ta amsa:

Sallama gare ku duka. Bayanin Malam Mai Gyara daidai ne daga farko har ƙarshe, amma ina da saɓanin ra'ayi a kan shawarar, kuma ina fata ba za a ɗauke shi a matsayin raini ba. Shi mai gyara ne, idan direba ya faɗi zai tashe shi cikin minti goma. Malam kuwa yana da aji da zai shiga, kuma kwamfutar ta ofis ce da wasu ke dogaro da ita. Ban ga hikimar ɗora aikin makaranta a kan abin da zai iya mutuwa duk ranar da aka sabunta kanel ba, balle a ce sai an nemi katin biyan kuɗi ta intanet, wanda ba kowa ke da shi ba a nan, kafin a sami gudun da aka riga aka biya kamfanin intanet kuɗinsa.

Shawarata, Malam, ka leƙa bayan kwamfutar ka ga ko akwai kafa mai allura tara a jere biyu. Kusan duk kwamfutar tebur ta zamanin Pentium 4 tana da ita. Idan akwai, ka nemi modem na waje mai haɗuwa da siriyal, ko da na hannu ne, irin su U.S. Robotics Sportster ko Courier da makamantansu. Modem na siriyal cikakke ne, domin kafar ba ta da faɗin da za a turo ɗanyen sauti ta cikinta a bar wa firosesa aikin, don haka dole ya yi komai da kansa. Ba ya buƙatar direba, ba ruwansa da lambar kanel, kuma zai yi aiki a kowane Linux da za ka saka nan gaba. Ofisoshi da yawa da suka koma VSAT, wato intanet ta tauraron ɗan'adam, suna da su a jibge cikin kabad, kuma masu sayar da tsofaffin kayan kwamfuta ba sa tsadanta su. Kada ka yarda a ba ka na USB a ce duk ɗaya ne, domin da yawa daga cikin na USB su ma Winmodem ne a cikin wata riga, sai wanda Linux ya gane shi a matsayin `/dev/ttyACM0` da zarar an soka shi.

Idan za ka saya, ka lura da abu uku. Na farko shi ne adaftar wuta, domin waɗanda aka kawo daga Amurka na wuta 120 ne, tamu kuwa 230 ce, kuma soka shi kai tsaye ƙona shi ne nan take. Na biyu shi ne igiyar siriyal, wadda dole ta zama miƙaƙƙiya ta modem, galibi mai allura 25 a gefen modem da rami tara a gefen kwamfuta, ba irin wadda aka harɗe wayoyinta don haɗa kwamfuta biyu ba, ko da yake a ido kamarsu ɗaya. Na uku, ka tabbatar kafar a kunne take a BIOS, wato saitin da ake shiga lokacin tashin kwamfuta. Umarnin `dmesg | grep ttyS` zai nuna maka layi mai cewa ttyS0 tana 0x3f8, irq 4, 16550A, idan lafiyarta ƙalau.

Wani abin da nake so game da na waje shi ne fitilunsa, waɗanda suke gaya maka inda aka tsaya ba tare da ka karanta komai ba. TR tana kamawa idan kwamfuta ta buɗe kafar, SD da RD suna ƙiftawa idan bayanai na kai da komo, CD kuma tana kamawa idan ɗaya ɓangaren ya amsa an ƙulla. Kuma idan aradu ta biyo layin waya da damina, akwai fatan ta tsaya a kan akwatin da ke waje maimakon katin da ke soke a uwar kwamfuta, ko da yake maganin gaskiya shi ne a zare igiyar waya duk lokacin da hadari ya haɗu.

 

Malamin Lissafi ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri ku biyun. Na fara gwada hanyar Malam Mai Gyara don in ga da idona, direban ya shiga, `/dev/ttySHSF0` ya bayyana, na yi murna ƙwarai. Amma da na gaya wa shugaban makaranta batun dala 20 da katin biya, sai ya tuna cewa akwai wani tsohon akwati a sito wanda aka daina amfani da shi. Da muka tono shi sai ga modem na siriyal, da adaftarsa ta wuta 230 da igiyarsa. Na haɗa shi, wvdialconf ya ce "Found a modem on /dev/ttyS0", na buɗe fayil ɗin na cike lambar waya da sunan shiga da kalmar sirri.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Da farko wvdial ya yi ta cewa babu lambar waya, har sai da na lura cewa layukan uku suna da alamar waƙafi mai ɗigo a farkonsu, na goge ta. Bayan haka sai ya fara cewa NO DIALTONE, alhali idan na ɗaga kan waya ina jin sautin layi. Na manta ban faɗa muku ba tun farko cewa layin ofishin ta na'urar rarraba kira ta makarantar yake bi, sai an danna 9 sannan a fita waje. Don in gwada, na ɗauki kwamfutar zuwa ofishin shugaba inda layin yake kai tsaye, a can ya buga, na ji ƙarar nan, fitilar CD ta kama, ya nuna CONNECT 115200, har ya rubuto lambobin IP. Amma da na buɗe Firefox ko shafi ɗaya bai buɗe ba. Hajiya Injiniya, Malam Mai Gyara, ina kuma na kuskure?

Injiniya 'Yar Zazzau ta amsa:

Ka yi nisa, Malam, abin da ya rage ƙanana ne, sai dai matsaloli ne daban-daban da suka taru, don haka a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Batun sautin layi, modem yana sauraron irin sautin da ya saba da shi kafin ya buga lamba, na'urorin rarraba kira na ofis kuwa sau da yawa nasu sautin daban ne, sai ya ɗauka babu layi. Ka ƙara layi a `/etc/wvdial.conf` mai cewa `Init3 = ATX3`, wanda ke umartar sa ya buga ba tare da jiran sautin ba. A lambar waya kuma ka fara da 9, sai waƙafi, sai lambar kamfanin, domin kowane waƙafi dakatawa ce ta daƙiƙa biyu, lokacin da na'urar ke buƙata ta ba ka layin waje. Idan biyu ba su isa ba ka sa waƙafi biyu. Ka kuma tabbatar igiyar bango tana ramin da aka tanada don layi, ba ramin da ake soka kan waya ba. Tun da modem na ciki ya daɗe yana aiki a wannan layin, na'urar taku ta analog ce, amma kada ka soka modem a layin ofishin da ba ka sani ba, domin na dijital yana iya lalata shi.

Batun shafuka kuwa, tun da ka sami lambar IP, to sunan shiga da kalmar sirri sun karɓu, kuma pppd, manhajar da ke ƙulla haɗin bayan an buga lamba, ya gama nasa. Abin da na fi zargi shi ne mafi sauƙi. Firefox 3 da ke cikin Ubuntu 8.04 yana tambayar NetworkManager, manhajar da ke kula da haɗe-haɗen kwamfuta, ko akwai intanet, shi kuma NetworkManager bai san da haɗin da wvdial ya ƙulla ba, sai ya ce babu, Firefox ya kulle kansa. Rijiya ta bayar guga ya hana. Ka buɗe jerin File ka cire alamar da ke kan Work Offline.

Idan hakan bai isa ba, ka bar wvdial yana gudana, ka buɗe wata tagar ka rubuta `ping -c 4 208.67.222.222`, wadda lambar sabar OpenDNS ce. Idan amsa ta dawo amma `ping -c 4 ubuntu.com` bai dawo ba, matsalar fassara suna zuwa lamba ce, sai ka duba `/etc/resolv.conf` ka ga ko lambobin DNS, wato na sabar da ke wannan fassarar, da wvdial ya nuna sun shiga, idan babu ka rubuta su da kanka, kowace a layinta bayan kalmar nameserver. Idan kuma ko lambar ba ta amsa ba, ka rubuta `route -n` ka duba layin da ya fara da 0.0.0.0. Kwamfutar da ke haɗe da sauran injunan ɗaki ta igiyar LAN takan riƙe eth0, wato kafar igiyar, a matsayin ƙofar fita, pppd kuma ba ya ture ƙofar da ya tarar, zai ma rubuta "not replacing existing default route" a `/var/log/syslog`. Maganin wucin gadi shi ne `sudo route del default` sannan `sudo route add default ppp0`, na dindindin kuma shi ne ka ƙara kalmar `replacedefaultroute` a `/etc/ppp/peers/wvdial`.

Kada 115200 ɗin nan ta ruɗe ka, gudun da ke tsakanin kwamfuta da modem ne ta igiyar siriyal, ba na layin waya ba. Ƙa'idar V.90 ta 1998 iyakarta kilobit 56 wajen saukewa da 33.6 wajen aikawa, kuma ko wannan sai layin ya kasance mai tsabta, ɓangaren kamfanin kuma na dijital. Layin da ya bi ta na'urar rarraba kira, ko wanda ruwa ya shiga mahaɗarsa, yakan sauko zuwa 33.6 ko ƙasa.

Mai Gyara na Sabon Gari ya amsa:

Na sallama wa Hajiya, tun da akwatin ya fito daga sito kyauta babu sauran gardama. Ƙari biyu kawai zan yi. Idan haɗin yana yankewa jim kaɗan bayan CONNECT, ka sa `Stupid Mode = 1`, wanda ke hana wvdial jiran a tambaye shi sunan shiga, ya miƙa wa pppd aikin nan take, ka kuma kula da lambar da pppd ke bayarwa idan ya mutu, domin 19 na nufin an ƙi kalmar sirrinka, 16 na nufin modem ya ajiye layi, 10 kuma na nufin ɓangarorin biyu ba su daidaita ba. Sannan tun da kuɗin waya da minti ake lissafa shi, ka sa `Idle Seconds = 300` da `Auto Reconnect = off`, don kada wani ya tashi ya bar layi a buɗe har safe. Ka kuma cire hsfmodem ɗin da ka saka, tun da ba ka buƙatarsa, don kada `/dev/modem` ya ci gaba da nuni zuwa katin ciki.

Malamin Lissafi ya rubuta:

Alhamdu lillahi, daga cikin Ubuntu nake rubuta wannan, a ofishina, ta layin da ke bi ta 9. ATX3 da waƙafi biyu sun magance bugun lamba, ɗaya bai isa ba. Shafukan kuma abubuwa biyu ne suka haɗu, alamar Work Offline tana nan kamar yadda Hajiya ta ce, kuma `route -n` ya nuna eth0 ce ƙofar fita saboda igiyar da ta haɗa ofishin da ɗakin kwamfuta. Na ƙara `replacedefaultroute`, na kashe injin na sake kunnawa don in tabbatar, ya haɗu ba tare da na taɓa komai ba. Na cire hsfmodem, na kuma hana manhajar sabuntawa duba intanet da kanta, domin na lura tana cinye layin gaba ɗaya da zarar an haɗu.

Saura abu ɗaya. Akawun makaranta ita ma tana amfani da kwamfutar, kuma ba na son in ba ta kalmar sirrin sudo, ba na kuma jin za ta yarda ta riƙa rubutu a tagar umarni kullum. Na ga ana ambaton gnome-ppp da kuma saka mutum a rukunin dialout da dip. Shin waɗannan biyun sun isa ta danna maɓalli ɗaya ta haɗu da kanta, ko akwai izinin wani fayil da sai na canza?